Allurar da Ta Kama Hannun Buba

Yadda muka bar gida ba wani abin ba da labari ba ne. An cire gyaɗa, an kai kanti an sayar, samari suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, mu ma muka ƙulle 'yan komatsanmu muka kama hanyar Gwalkwas, ƙasar da yanzu ake ce wa Gana. An ce mana can akwai ramukan zinariya, kuma Turawan kamfani ba ruwansu da ɗan wane ne kai, ƙarfinka kawai suke so.

Mu biyu ne. Ni Iro, ɗan liman, daga Ɗantutture ta ƙasar Kurfi. Sai Buba ɗan gwaggona, wanda aka haifa a wata ruga kusa da Makera, ta wajen Dutsin-Ma, inda aka kai Gwaggo aure gidan Fulani. Ciwo ya shiga garken ubansa ya share shi, abin da ya rage bai kai a kira shi garke ba, shi ne Buba ya rantse sai ya mayar da shanu cikin wannan shinge. Ni kuwa ba ni da wani dogon buri. Na ga Buba zai tafi ne, na ce ƙafata ƙafarsa.

Duk wanda ya gan mu tare sai ya yi dariya. Buba dogo ne, ga faɗin ƙirji, da nono aka raine shi, yana iya saɓa maraƙi a kafaɗa yana tafe yana hira. Ni kuwa siriri ne kamar sillen kara, sanyi na shigowa ni ne farkon mai tari a gidanmu. Saboda haka da Gwaggo za ta sallame mu, shi ta yi wa kashedi, ba ni ba. Ta miƙa masa wata langa mai murfi, ta ce, "Ga ɗan ƙanena nan, amana ce. Ka san ba shi da ƙwari. Abin da ka ci shi ci, kuma ka maido man shi lahiya."

Taubasai ne mu, ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka tun muna yara nake kiransa bawana. Shi kuma ya ce bai taɓa ganin ubangidan da sai bawa ya ɗaga masa tulu kafin ya sha ruwa ba. Wannan wasa shi ne guzurinmu na gaskiya, ya fi dakuwar da muka ƙullo daɗewa.

A shingen Faransa, kafin Maraɗi, aka fara duba mana hannu. Jandarma ya sa kowa ya naɗe hannun riga, yana neman tabon lamba a damtse. Mu dai mun san lamba tun muna ƙanana. Masu ita kan zo kasuwar Kurfi su zauna gindin tsamiya, su tsaga wa mutum damtse saboda agana. In wurin ya kumbura ya yi ruwa, sai a ce ta kama, uwaye su yi ta barka. In bai kumbura ba, ba ta kama ba ke nan, aikin banza aka yi, sai an sake. A gabanmu jandarman ya fitar da wani dattijo daga layi don ba shi da tabo, motarsa ta tafi ta bar shi yana ta roƙo. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san da irin ilimin da muka isa inda muka isa.

A Doso aka fara cutarmu. Wani ɗan kamasho mai fara'a ya karɓi kuɗin mota, ya kai mu wata babbar mota da ke gefen tasha, ya ce mu hau mu kama wuri, direba ya tafi salla. Muka hau muka kama wuri mai kyau, har muna jin mun fi kowa wayo. Rana ta take, ta karkata, direba bai idar da sallarsa ba. Sai da wata mai tuwo ta ji tausayinmu ta ce mu leƙa gaban motar. Babu inji a cikinta, kaji ne ke kwana a wurin. Ni na zauna ina zage-zage, Buba kuwa ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Ubangida, sauka, mun iso." Daga nan da ƙafa da dako muka kai Yamai.

Bayan Fadan Gurma Hausa ta fara ƙaranci a bakin mutane, bayan Tamale gero ya ɓace. Muka ƙetare babban kogi a jirgin fito a Yeji, muka shiga Kurmi, inda itatuwa suka rufe sama ruf, mutum ya ɗaga kai bai ga gari ba. Ni abin da ya fi damuna ke nan. A gida in ka tsaya bakin gona kana hango dutsen gari daga nesa, kana ganin hadari tun yana wata ƙasa. Can kuwa ruwa sai dai ka ji shi a ka. Buba shi fura ce ta dame shi. Duk abin da muka samu, dokunu ne ko rogo ko sakwara, cikin langar Gwaggo muke zubawa mu sa hannu tare, ya ɗan taɓa ya janye, ya ce, "Wanga abu ba ya zama ciki. Da ludayi guda na hura zan samu, da na tuna sunana." Na ga ya faɗa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, kuma tun Tamale yake wani ɗan tari busasshe. Muka ɗora wa jar ƙurar bayan mota. Wa zai kawo wa Buba ciwo a rai, ga ni a zaune?

Garin da ramin yake, ba zan kama sunansa ba. Muka sauka a zango, wato unguwar baƙi 'yan Arewa, aka ba mu wani ɗaki mu da waɗansu samari 'yan wajen Gobir da Damagaram, duk sababbin zuwa. Da aka buɗe ɗaukar lebura muka yi layi a ƙofar asibitin kamfani. Aka tuɓe mana riguna, aka ɗora mu a sikeli, aka kara mana abin sauraro a ƙirji. Daga ƙarshe wani malamin asibiti ya kama hannun hagu na kowa, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, ya soka wata siririyar allura a fata sama-sama, har wurin ya ɗan taso kamar ƙwayar dawa, ya zagaye shi da tawada. Tafinta ya ce da wata karyayyiyar Hausa, "Kwana uku kowa ya komo, za a duba hannu. Kar a sosa." Iyakar bayanin ke nan. A shekarar aka fara wannan allura a wurin, tsofaffin ma'aikatan zango ma ba a yi musu ba, balle su gaya mana.

Mu kuwa ba mu ga abin tambaya ba. An yi allura a hannu, an ce a dawo a duba, ai lamba ce. Wanda tasa ta kama ya samu aiki, wanda ba ta kama ba ya bi sawun dattijon shingen Faransa.

Washegari hannun Buba ya yi ja. Kwana na biyu ya taso ya yi tauri kamar ɓarin goro, har ya wuce zanen tawadar. Ya naɗe hannun riga ya bar shi a naɗe, ya bi zango yana nuna wa mutane. 'Yan ɗakinmu suna ta yi masa barka, wani Bagobiri har yana cewa irin wannan hannu kai tsaye za a ba shi helima, wato shugaban lebura. Ni kuwa nawa ko cizon sauro ya fi shi. Na duba da safe, na duba da rana, na kai shi hasken ƙofa na karkata, babu komai sai tawada. Wallahi ban taɓa jin baƙin ciki irin na waɗannan kwanaki ba. Na yi ta tuna dariyar da za a yi mini a Ɗantutture, a ce Iro ya je har Gwalkwas allura ma ta ƙi shi.

Akwai wani mutum a zangon, ana ce masa Ɗanjuma Mai-turanci, ba ya aikin komai sai zama ƙofar asibiti yana yi wa baƙi jagora. Shi ya san ma'anar allurar sarai, daga baya na tabbatar. Ya ja ni gefe ya ce yana da maganin da ke sa ta kama. Ba ni da abin ba shi sai gwadona, saƙin gida, wanda tsohuwata ta ba ni. Na miƙa masa, ya ba ni wani baƙin ƙulli ya ce in kwaɓa in shafa. Barkono ne da toka da ban san me ba. Ina shafawa na fara tsalle. Buba ya shigo ya tarar da ni ina hura hannu, ya kama ni ya tsoma hannun cikin bokiti ya wanke tas, yana dariya har hawaye.

"Kai, ubangida, mi ya yi zahi?" in ji shi. "Jinin malamai ne, sanyi gare shi, rabinai tawada ce. Ka yi haƙuri. Taka ma za ta kama, ko ba yau ba."

Na ce, "In sun kore ni fa?"

Ya ce, "Su kore ka mana. Ni in shiga rami, kai ka zamna ka yi muna tuwo. Langa guda ce, ba a ce sai mutum biyu sun cika ta ba."

Da yammacin ranar muna cin abinci a ƙofar ɗaki, wani tsohon Bamoshe da ya ƙare ƙuruciyarsa a ramin ya zo wucewa. Buba ya nuna masa hannu kamar yadda yake nuna wa kowa. Tsohon ya tsaya. Ya taɓa kumburin da yatsa, ya dubi fuskar Buba, ya ɗora tafinsa a ƙirjin Buba ya daɗe bai ɗauke ba. Ya yi wata magana da harshensu, ba mu ji ba. Sai ya kwance ƙullin da ke hannunsa, ya ciro tsokar nama guda ɗaya da ke ciki ya sa a gefen Buba na langar, ya tafi. Buba ya ce, "Ka gani? Har tukuici an hwara ba ni." Ya raba tsokar biyu ya tura mini rabi.

Ranar dubawa malamin asibiti yana shafa hannu da yatsa, ya kara ɗan ma'auni, ya nuna dama ko hagu. Aka nuna wa Buba dama, wajen masu kumburi, ya tafi yana taku ɗai-ɗai, ya waiwayo ya ɗaga mini gira. Aka nuna mini hagu. Ban tsaya jiran wulaƙanci ba, na ɗauki rigata na nufi ƙofa. Mai gadi ya fizgo ni yana faɗa, ya mayar da ni layi, kafin in gane abin da ake ciki an rataya mini wani ɗan ƙarfe a wuya, shaidar ɗauka aiki, an ce gobe da safe in zo bakin rami. Na ce wa tafinta an yi kuskure, tawa ba ta kama ba. Ya dube ni kamar ya ga mahaukaci, ya ce, "To, ba shi ake so ba?"

Na juya ina neman Buba, an riga an shige da su wani ɗaki inda ake ɗaukar hoton ƙirji.

Ashe allurar ba rigakafi ba ce, tambaya ce ake yi wa jiki. In ƙwayar tarin fuka ta taɓa shiga mutum, wurin sai ya kumbura. Kumburin kaɗai ba ya nufin ciwo ya tashi, don yawancin waɗanda aka ɗauka hoto an sake su, aka rataya musu ƙarfensu suka fito suna murna. Na tsaya ina duban masu fitowa ɗaya bayan ɗaya, ina cewa na gaba shi ne. Bai fito ba, sai ni aka kira ciki. Likita Bature ya ɗaga wani baƙin hoto a jikin taga, ya nuna wani fari-fari a sama ta dama, ya yi magana gajeriya. Tafinta ya ce, "Ɗan'uwanka yana da tarin fuka. Ba ma'aikacin kamfani ba ne tukuna, sai ku je asibitin gwamnati a Kumasi. Kar ku ƙara ci a kwano ɗaya, kar ku kwana kusa."

Buba ya sauke hannun rigarsa a hankali ya rufe kumburin. Wannan sauke hannun riga, har yau in na tuna shi sai zuciyata ta karye.

A Kumasi babu gado. Suka ba shi ƙwayoyi, suka ce ya riƙa zuwa allura, kuma maganin na watanni ne masu yawa, ba a fashi. Muka koma zango, labari ya riga mu isa. Waɗanda suka yi masa barka shekaranjiya su ne suka fitar mana da tabarmi waje. Ban ga laifinsu ƙwarai ba, amma na zage su, kuma ban yi nadama ba. Tsohon Bamoshen nan ne ya nuna mana wata rumfar langa-langa a bayan gidansa, inda yake ajiye itace, ya share mana ita da kansa.

Na shiga rami. Ni da ake cewa ba ni da ƙwari, ni aka zura cikin keji aka sauke ƙarƙashin ƙasa, da fitila a goshi, ina loda dutse a kura cikin zafi da ɗigar ruwa. In na fito in sayi abinci in kawo. Buba da kansa ya samo wani gwangwani ya ce nasa ke nan, langa tawa ce. Sai ya ɗauki gwangwaninsa ya koma ƙarshen rumfa ya juya mini baya. Mutumin da bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba tun da aka yaye shi. Zuwa Kumasi kuwa ya gagara, ga nisa, ga direbobi da sun ji tarin sai su ce mota ta cika. Aka yi allura aka yi fashi, aka yi aka yi fashi, har aka daina. Da ya fara tofar da jini, ɓoye mini ya yi, ƙasa yake turawa a kai da ƙafa.

Wata rana na fito daga rami na tarar da rumfa babu kowa. Langar Gwaggo na nan a wanke a kife, gwangwanin babu. Tsohon ya nuna mini hanyar tasha da hannu. Can na same shi a zaune gindin wata bishiya, da ƙullinsa a cinya, tun safe babu motar da ta yarda ta ɗauke shi.

Na ce, "Bawa ya gudu ba da iznin ubangida ba?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Iro, gida nika so. Ban son a rufe ni cikin wagga ƙasa da ba a ganin sama. Kai ka samu aiki, ka riƙe. Ko ɗan maraƙi guda ka saya ka kai ma tsoho, ka ce ni na aiko."

Na ce, "In na ishe Gwaggo in ce mata mi?"

Ya ce, "Ai ba kai aka ba amana ba, ni aka ba."

Na cire ƙarfen daga wuyana a nan inda nake tsaye. Ba jarumtaka ba ce, kuma ba zan ce ban ji zafin rabuwa da shi ba, na ji. Amma na san in na bar shi ya hau hanya shi kaɗai, ko Yeji ba zai kai ba. Na mayar wa 'yan kamfani da abinsu, na ɗauko langa, na yi sallama da tsohon. Ba mu da harshe ɗaya ni da shi, hannuna kawai ya riƙe da hannayensa biyu.

Wani direba Bayarabe mai jigilar goro ne ya taimake mu. Ya dubi Buba, ya dubi fasinjojinsa, ya ce ciki ba zai yiwu ba, amma in za mu iya hawa saman kaya, bismilla. A kan huhunan goro muka fito daga Kurmi, na ɗaure shi da rawani a jikin ƙarfen mota don kada ya gangaro in barci ya ɗauke shi. Da muka wuce Tamale itatuwa suka buɗe, sama ta fito, ya kwanta rigingine yana kallonta, ya ce, "Yawwa. Ga ta nan inda muka bar ta."

A Fadan Gurma ya daina ci. In na zuba masa a gwangwani sai ya kai ƙarshen rumfar kasuwa, ya zauna, ya dawo da shi yadda yake. Na yi lallashi, na yi faɗa, a banza. A nan muka sami wata Bafillatana mai tallar fura da nono, karon farko tun da muka bar ƙasar Hausa. Na sa ta dama mana a langa. Na ɗauki gwangwanin nan na wurga shi bayan katanga, na zauna gabansa gwiwa da gwiwa, na sha ludayi guda, na miƙa masa.

Ya ce, "Likita ya hana."

Na ce, "Likita ba shi ya ba mu langa ba. Gwaggo ta ce abin da ka ci in ci. Kai ba ka ci, ni ma na bari ke nan."

Ya daɗe yana kallon ludayin. Sai ya karɓa ya sha, ya miƙo mini, na sha, na mayar. Muka shanye tas, yana sha hawaye na zuba cikin furar. Da ya gama ya goge baki ya ce, "Ubangida na shan ragowar bawa. Duniya ta ƙare." Daga ranar ban ƙara barinsa ya ci shi kaɗai ba. Ba na cewa kowa ya yi yadda na yi, na dai faɗi abin da ya faru ne.

Sauran hanyar ba na son tuna ta. Wani wuri mota, wani wuri jakin ɗan kasuwa, wani wuri goyo. A shingen Faransa jandarma ya ce a naɗe hannun riga, na naɗe masa nasa, damtsen da ke ɗaga maraƙi ya koma zan iya zagaye shi da yatsu. Tabon lambarsa na nan, aka ce mu wuce. Daga Katsina muka sami mota zuwa Dutsin-Ma ranar kasuwa, wani mutumin Makera da ya san ubansa ya ba mu aron jaki.

Da la'asar muka isa ruga. Gwaggo na tsugune tana wanke ƙore, ta ɗago ta gan ni, ta miƙe tana tafa hannu. "Iro! Kai ne? Lale, lale! Dubi yadda ka yi ƙwari!" Ta dubi mutumin da ke kan jaki, lulluɓe da mayafi, ta ce masa, "Sannu, baƙo," irin gaisuwar da ake yi wa wanda ba a sani ba. Sai ta leƙa bayana, ta duba hanya, ta ce, "Ina Buba? Ko ya tsaya kasuwa?"

Daga kan jakin Buba ya ce, "Inna, ga amanarki nan na maido maki, lahiya lau. Duba shi da kyau, ko ƙwarzane babu."

Ƙwaryar da ke hannunta ta faɗi. Ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta zo ta sauke shi da kanta, ita kaɗai, tsohuwa, kuma bai yi mata nauyi ba.

Ya ga farkon damina. Aka yi masa bukka a gefen shinge inda zai riƙa ganin 'yan shanun da suka rage, tana dama masa fura safe da yamma. An yi rubutu, an yi saiwa, babana ya zo daga Ɗantutture ya yi addu'a. Gero na fara rufe ƙasa Allah ya karɓi abinsa, da hantsi, ina riƙe da kansa. Muka rufe shi a fili, inda babu itacen da ya tare sama. Gwaggo ba ta taɓa ce mini komai ba sai godiya, kuma godiyar nan ta fi mini zagi ciwo. Langar ta ce in riƙe.

Ban sake fita ƙasar waje ba. Bayan an sami mulkin kai na sami aikin kuku a wata makarantar kwana a Dutsin-Ma. Wata shekara ma'aikatan lafiya suka zo gwajin tarin fuka, ɗalibai da malamai da mu 'yan kicin, kowa sai an yi masa. Da na ga siririyar allurar nan da tawadar zagayewa, sai da na nemi wuri na zauna. Na bi abokan aikina ɗaya-ɗaya ina gaya musu wannan ba lamba ba ce, wanda tasa ta kumbura kada a yi masa barka, kada kuma a guje shi, hoto za a ɗauka a gani, in ciwo ne akwai magani. Suna mamakin inda kuku ya san wannan. Ban gaya musu ba.

Kwana biyu hannuna ya yi ja, ya taso, ya yi tauri, ya wuce zanen tawadar. Malamin da ya zo dubawa, wani saurayi mai ladabi, ya kara ma'auninsa ya ce, "Malam Iro, ka taɓa zama da mai tarin fuka?"

Na ce, "Na taɓa."

Ya ce, "Ɗan'uwa ne?"

Na ce, "Bawana ne."

Ya dube ni bai gane ba. Aka tura ni Katsina aka ɗauki hoto, aka ce ƙirjina fes yake, ƙwayar ta shiga tun tuni ta kwanta, ba ta tashi ba. Kowa ya yi mini murna, matata har da sadakar ƙosai. Ni ma na gode wa Allah.

Amma kumburin nan, ban so ya baje ba. Buba bai bar ɗa ba, bai bar saniya ba, ko hotonsa babu sai wancan baƙin da Bature ya ɗaga a taga. Abin da ya bari a duniya yana cikin jikina, kuma sai a wannan makon na gan shi da idona. Na naɗe hannun riga na bar shi a naɗe, ina tuƙa tuwon ɗalibai ina kallonsa. Da ranar Juma'a ta zo na ari keke na tafi Makera, na tsaya a kan kabarinsa, na yi masa addu'a. Da na shafa, na miƙa hannun na ce, "To, bawana, ka ce ko ba yau ba. Ga ta nan, ta kama."